Kakana tsohon sojan Bama ne: ta ina zan fara neman tarihinsa da sauran iyalinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan ƙasar Malumfashi ne. Kakana na wajen uba ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo, ya rasu mahaifina yana yaro. Abin da ya rage mana lambobin yabo biyu da wata tsohuwar takarda da gara ta ci gefenta. Ana cewa tare suka tafi da ƙanensa, shi bai dawo ba. Ana kuma cewa bayan yaƙi ya zauna a Jos, har ya yi aure ya haihu a can. Ina son in san gaskiyar waɗannan maganganu, in kuma nemo dangin in suna nan. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kaka, ya saka maka da alheri da wannan niyya ta sada zumunci.

Kafin ka hau mota zuwa kowane ofis, ɗauko takardar nan da gara ta ci. Kada ka liƙe ta da salatif, kada kuma ka kai a rufe ta da leda a na'ura mai zafi, domin zafin da gam ɗin suna cinye tsohuwar tawada, kuma ba ta ɓantaruwa daga baya. Shimfiɗa ta a inuwa da rana, ka ɗauki hotonta gaba da baya, har da gefen da ya yage, sannan ka ajiye ta a miƙe tsakanin fararen takardu biyu, nesa da danshi. Abin da kake nema a jikinta shi ne nambar soja. Sojan da aka ɗauka a Najeriya nambarsa tana farawa da NA, wanda aka ɗauka a Gwalkwas, wato Gana ta yau, tasa tana farawa da GC. In takardar sallama ce, galibi za ka ga muƙaminsa, bataliyarsa, ranar shiga da ranar fita, wani lokaci har da tsawonsa da irin tsagar fuskarsa. Ko da lambobi uku ne kawai suka tsira daga nambar, rubuta su.

Na fara da namba ne saboda sunan soja na wancan zamani ba abin dogaro ba ne. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da sunan gari, sai ka ga Audu Katsina, Garba Sakkwato, Musa Kano, kuma a bataliya ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya da yawa. Garin da aka rubuta ma ba lallai ne mahaifarsa ba. Mutumin wani ƙauye a ƙasar Malumfashi zai iya zama "Katsina" don ita ce masarautarsa, ko "Zariya" don a can aka ba shi horo, ko "Funtuwa" don nan ya hau jirgin ƙasa. Wasu da gangan suka canza suna, ko don iyaye ba su yarda ba, ko don sun tsallako daga yankin da Faransa ke mulka. Ga kuma rubutun Turawa: Muhammadu ya koma Momo ko Mama ko Mamadu, Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Yusufu ya koma Yesufu. Wanda ya nemi suna da rubutunmu na yau kaɗai zai wuce ta kan kakansa bai gane shi ba.

Lambobin yabon za su gaya maka inda ya je, amma da wuya su gaya maka ko wanene, domin taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga sunan mai su a jiki ba. Tauraron Bama yana da tsini shida, ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. In ka ga wani mai ƙyalle launin rairayi da jan ratsi a tsakiya, tauraron Afirka ne. Sojojin Najeriya sun yi yaƙin Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, don haka mai wannan tauraro tsohon hannu ne tun kafin tafiya Bama. Duba kuma bakin kowace lamba mai zagaye. Lambar jarumta ana buga namba da suna da bataliya a bakinta, kuma in aka dace da irinta rabin aikin ya ƙare.

Daga nan sai tsofaffi, kuma wannan shi ne aikin da ba ya jira. Takardun gidan tarihi na Kaduna suna nan baɗi, gwaggo mai shekara tamanin kuwa sai yadda Allah ya yi. Ka fi ba mata ƙarfi, domin su ke riƙe da lissafin aure da haihuwa da goyo da wanda aka yaye a ɗakin wa. Ka zauna da kowa shi kaɗai, don in an taru babba ne zai yi magana sauran su ce haka ne. Ka nemi izini ka naɗi murya a waya. Ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba, sai ta ce Malam ko Maigida ko ta ba ka laƙabi. Ka tambayi wani daban sunan yanka, ka rubuta duka, har da irin su Tanko da Ɗanjuma da duk wata inkiyar bariki, don ba ka san wanne ya ba magatakarda ba.

Kada ka tambayi shekara, ba za ka samu ba. Tambayi zamani. An haife shi Dikko yana sarautar Katsina? Dikko ya hau a 1906 ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Ya yi wayo lokacin babbar yunwar 1913 zuwa 1914? Ya rasu kafin zuwan Sarauniya a 1956 ko bayan samun 'yancin kai a 1960? Da irin waɗannan ake matse shekara ta dawo tsakanin biyu ko uku. In kuma gidan malamai ne, a buɗe tsofaffin littattafai da gafakar Alƙur'ani, domin malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen shafi da shekarar Hijira. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1360 za ta ba ka 1941. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya.

Ka saurari sunayen wurare da kaka yake ambata, ko da bakin tsofaffi ya lanƙwasa su, domin su ne za su nuna rundunarsa. Runduna biyu na Afirka ta Yamma suka je. Ta 81 ta isa Indiya a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, kuma bataliya ta 4 ta Najeriya tana cikinta. An cire birged ɗinta ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa ta da dakarun Chindit da aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Ta 82 ta iso a 1944 da bataliya ta 1, 2, 3, 5, 9 da 10, ta bi ta Kalapanzin ta gangara yankin Arakan, ta su Tamandu da Dalet da An. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu, su ne a jikin barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna da na Chindit a Zariya. In an ce maka "shi kaya yake ɗauka", kada ka ɗauka ƙasƙanci ne ko kuskure. Akwai rukunoni na musamman na sojoji masu dakon harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, kuma cikakkun sojoji ne masu namba. Yawancin sojojin rundunonin biyu sun dawo gida a 1946.

Maganar ƙanen kaka ita ce mafi sauƙin dubawa, daga wayarka ma. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, wadda ake kira CWGC, tana da rumbun sunaye kyauta a intanet, na duk wanda ya rasu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa ƙarshen 1947. Za ka ga namba, muƙami, bataliya, ranar rasuwa da inda aka binne shi. Waɗanda ba a san kabarinsu ba sunayensu suna jikin bangon tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000. Wasu kuma suna kwance a Chittagong ta Bangaladash. Tunda an ce tare suka shiga, ka nemi nambar da ke kusa da ta kakanka, domin waɗanda aka rubuta rana ɗaya nambobinsu sukan bi juna. Ka gwada sunan da kowane irin rubutu da kowane gari. In bai fito ba, kada ka yanke cewa ƙarya aka yi. Yana iya yiwuwa da wani suna ya shiga, ko ya dawo da ransa ya zauna a wani gari bai koma gida ba. Akwai ma waɗanda gida ya ce "an kai su yaƙi" alhali aikin tilas na haƙar kuza aka kai su a Jos tsakanin 1942 da 1944, inda mutane da yawa suka mutu.

Fayil ɗin soja ɗaya-ɗaya na 'yan Afirka ba a Ingila ake nemansa ba. Ka rubuta wa ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja, ka haɗa da hoton takardar da nambar da bayanin dangantakarka da shi. Ka kuma leƙa reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku, don sukan riƙe rajistar tsofaffin membobi. Abin da ke Ingila, a gidan ajiye takardu na Kew, shi ne littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum. Na Bama suna rukunin WO 172, na Afirka ta Yamma suna WO 173. Ba kasafai suke kama sunan farabiti ba, amma in ka san bataliya za su nuna maka inda take a kowace rana, da ranar da aka yi artabu. Takardun neman a ba soja lambar jarumta suna WO 373, kuma ana iya neman su da suna ta intanet.

A gida kuwa, babban wurin shi ne gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna. An jera fayilolin lardi-lardi: KATPROF na Katsina, KANOPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, JOSPROF na Filato, sai SNP na sakatariyar Arewa. A nan mutanen Katsina suke yawan ɓata kwanaki, domin Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Kafin 1926 tana ƙarƙashin lardin Kano, daga 1926 zuwa 1934 tana ƙarƙashin Zariya, don haka dole a duba jerin uku. Gundumomi kuma sau da yawa da sarautar hakimi aka rubuta su, saboda haka ka nemi gundumar Galadima tare da Malumfashi. Ka je da katin shaida da littafin rubutu, ka rubuta lambar kowane fayil da shafinsa. Kada ka sa rai da yawa ga rahoton haraji na Di'o: yana ba da sunan ƙauye da dagaci da yawan masu biya da sana'o'insu, amma da wuya ya kama sunan talaka. Fayilolin da suka fi amfani gare ka su ne na ɗaukar soja, da na kuɗin da soja yake yanka wa iyalinsa daga albashi, da na sama wa tsofaffin sojoji aiki bayan 1945. Da yawansu sun zama 'yan doka na En'e, masinjoji, direbobi da masu gadi a kamfanonin kuza, kuma wannan zai iya zama dalilin zamansa a Jos. Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, shi ma a Kaduna, ya cancanci kwana ɗaya, haka ma tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Game da iyali, babu takardar da ta kai littafin rabon gado na kotun alƙali. In an raba gadon kaka a kotu, za a jera matan da ya bari da 'ya'yansa maza da mata da sunayensu, galibi da Larabci, don haka ka tafi da mai karanta tsohon rubutun hannu. Littattafan bisa kwanan wata aka cika su, babu jerin sunaye, shi ya sa sai ka matse shekarar rasuwa tukuna. Ka fara tambaya a kotun da ta gaji ta alƙalin gundumar. Ka kuma san iyakarsa: matar da aka saki ta gama idda ba ta ciki, ɗan da ya riga uba rasuwa ba ya ciki, agola ba ya ciki, ɗan da magada ba su san da shi ba ma ba ya ciki. In kuwa malamin unguwa ne ya raba a zaure, babu abin da ya shiga littafi. Rashin ganin 'ya'yan Jos a takardar gado bai isa ya ƙaryata labarin ba.

Su mutanen Jos da ƙafa ake nemansu. Ka samo daga tsofaffi sunan unguwa ko sansanin kuza, ko Bukur ne ko Barikin Ladi ko cikin gari, da sunan matar da garinsu. Ka fara da mai unguwa da limamin tsohon masallaci da dattawan Katsinawa mazauna wurin, ka kai musu laƙabin bariki da sana'arsa, domin da su aka san shi a can. In wani gida ya amsa, kada ka zuba musu duk abin da ka sani. Ka bar su su faɗi nasu: tsagarsa, tabon da ke jikinsa, sunan ƙauyensu, sunan ƙanen da bai dawo ba. Ka tambaya ko suna da wata takarda tasa, ta fansho ko ta wurin aiki, ka gwada nambar da ke jikinta da taka. Ka kuma bayyana tun a zaure cewa zumunci ya kawo ka, domin baƙon da ya zo da tsohuwar takarda yana tambayar mamaci, abin da mutane suke fara zato shi ne maganar gida ko gona.