Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Ɗan Giwa Ke Cin Kashin Uwarsa?

Tambaya: Na ga bidiyon namun daji inda ɗan giwa ke cin kashin uwarsa. Yunwa ce ko ciwo? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, ba ko ɗaya. Iri yake ɗiba, kamar yadda ake ɗebo tsohon nono a zuba wa sabuwar madara ta yi kindirmo.

Giwa ba ta da sinadarin da zai narkar da zaren da ke jikin ciyawa da ɓawon itace. Aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a babban hanjinta: su tsima abincin, su fitar da wasu sinadarai masu tsami, jini ya tsotse su su zama ƙarfin jiki. Jariri kuwa ana haihuwarsa da hanji kusan wayam, dole ya samo nasa ƙwayoyin kafin ya koma kan ganye. Haka ɗan koala, wata dabba mai cin ganye a Ostireliya, yake yi idan ya kai kimanin wata 6, ya lashi wani kashi mai laushi daga uwarsa.

Tun da giwa ba ta tuƙa irin ta shanu, fiye da rabin abin da ta ci yakan fito bai narke ba, alhali babba na iya cin kilo 150 a rana. Wannan "asarar" riba ce ga daji. Ƙwallon aduwa da na giginya suna fita lafiya lau, nesa da uwar bishiya, cikin takinsu, buzuzu kuma ya binne sauran. Giwayen Yankari manoma ne da ba sa riƙe fartanya.

Tambaya: Mun tsinci 'yar barewa muna kiwo, muka ba ta dawa, sai ciki ya kumbura. Ina kuskuren? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, ƙwayoyin tumbinta sun saba da ganye. Hatsi da yawa lokaci guda yakan sa wani rukunin bakteriya ya hayayyafa cikin sa'o'i, ya cika tumbi da tsami, ya kashe masu narkar da ciyawa. Daga nan sai kumburi, gudawa da kasala. A janye hatsin nan take, a ba ta busasshiyar ciyawa da ruwa, a nemi likitan dabbobi, wanda kan iya ɗura mata ruwan tumbin lafiyayyar akuya. Duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14.

Kada kuma a ɗauko maganin mutane a ba ta. Zomo ma, amoksisilin ta baki, wato maganin kashe bakteriya, na iya kashe shi, don tana share ƙwayoyin kirki ta bar masu guba. Ita dai barewar, hannun jami'an gandun daji ya fi dacewa da ita.