Dandamali daban, kyamara daban

'Yata, jiya bayan mun tashi daga rihazal a Agege kin tambaye ni abin da ya sa daraktan fim ɗin nan ya yi ta tsayar da ke yana cewa kin cika zaƙewa, alhali irin wasan ne aka tafa miki a dandamali watan jiya. Na ga ranki a ɓace, shi ya sa na bari sai da kika huce.

Daraktan yana da gaskiya. Ki tuna ranar da na kai ku Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu, wanda ya karɓi FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙaƙen fata na duniya, a 1977, na ce ki zauna a kujerar ƙarshe. Kin ga ƙwayar idon wanda ke kan dandamali? Kafaɗarsa kika gani, da takunsa, sai muryar da ya ɗauko daga ciki. A can dole ki buɗe komai don na baya ya samu rabonsa. Ita kuwa kyamara tana matsowa har fuskarki ta cika allo, ga makirufo maƙale a wuyan rigarki yana jin haɗiyar yawunki. A ce matar da kike fitowa a matsayinta an kawo mata labarin rasuwar mijinta tana riƙe da kwano. A dandamali ki saki kwanon ya faɗi, ki ɗora hannu a ka. A gaban kyamara ki ƙanƙame kwanon, ki bar idon ya ciko, kada ki yi gaggawar ƙiftawa. Baƙin cikin ɗaya ne, mudun awonsa ne ya bambanta.

Shirin talabijin mai dogon zango kuma tasa wahalar daban. Ba a bin labari a jere. Yau a ɗauki ranar sakinki, gobe a ɗauki ranar da aka kawo lefenki, kuma ke za ki riƙe inda zuciyar matar take a kowace fitowa. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubutawa: gefen da kika karkata ɗaurin ɗankwali, hannun da kika riƙe kofi. Na taɓa ganin an sake ɗaukar fitowa uku saboda jarumar ta je biki ranar Asabar ta dawo da sabon lalle har gwiwar hannu. Ranar ba wanda ya ci abinci cikin daɗin rai.

Ki dubi Joke Silva. A nan Legas aka haife ta a 1961, ta koyi wasa a Landan, kuma ita da mijinta Olu Jacobs suka kafa makarantar koyon wasa ta Lufodo suna horar da matasa. Ta ci kambun jarumar jarumai a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2006, amma hakan bai sa ta juya wa dandamali baya ba. Ina son ki lura da yadda take rage murya ba tare da kalma ɗaya ta ɓace ba. Dandamali ne ya ba ta wannan numfashin, shi ya sa ba na so ki bar shi, ko da kuɗinsa bai kai na fim ba. Idan aka kira gwajin zaɓen 'yan wasa a Terra Kulture ko MUSON, wuraren wasan dandamali na nan Legas, ki je.

Ranar Asabar ki zo da wayarki cike da caji. Za ki faɗi maganar nan ta fitowa ta huɗu sau uku: ina bakin ƙofa, ina tsakiyar ɗaki, sannan wayar na dab da fuskarki, mu zauna mu kalla tare. Ki fito da an idar da sallar asuba, kin san halin gosulon Oshodi.