Tambaya da amsa: yadda za a kai intanet, tibi da sauti zuwa boskwata da ɗakunan baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayoyin wannan satin kusan duk hanya ɗaya suka bi, gida ya ƙaru, an yi boskwata ko an ƙara ɗaki a baya, ana so abin da ake mora a falo ya kai can. Na ɗebo guda huɗu daga ciki.

Tambaya ta farko daga wani bawan Allah ne a Hanwa, nan Zariya: "Malam ina da rauta a falo intanet na gudu lafiya lau, amma ƙanena da ke karatu a ABU yana zaune a boskwata, tsakaninmu bai wuce mita 35 ba amma sai ya fito tsakar gida yake samun siginal. Na sayi abin ƙara siginal ɗin nan da ake sokewa a soket, babu wani canji. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi wannan abin ƙara siginal ɗin ya ci kuɗin mutane da yawa a garin nan, kuma abin na damuna don kusan kowa sai ya saya ya gwada sannan yake zuwa tambaya. Shi fa ba ya ƙirƙiro siginal, abin da ya ji shi yake maimaitawa, kamar ka tsayar da yaro a zaure ka ce ya riƙa isar da saƙo cikin gida alhali shi ma rabin maganar yake ji. In ka soke shi a boskwata inda siginal ɗin ya riga ya mutu to mataccen zai maimaita, wayar ƙanenka za ta nuna sanduna cike amma ko hoto ba zai buɗe ba. Kuma masu araha ɗin da kai ɗaya suke saurare suke magana, shi ya sa gudun ke raguwa kusan rabi ko da a wuri mai kyau ka sa shi.

Abin da ke cinye maka siginal ba nisan ba ne kawai, mita 35 a fili ai ba komai ba ne. Bangon bulo ne, da rodin da ke cikin dakali da fila, da kwanon rufi, in akwai tankin ruwa a tsakani shi ma yana nasa. Mutanen cikin birni masu tsohon ginin ƙasa mai kauri sun fi kowa sanin wannan, ɗaki da ɗaki ma sai siginal ya ɓace. Yawancin rautocin yanzu suna da zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, na 2.4 ya fi ratsa bango na 5 ya fi gudu amma bai da nisa, toh ka fara sa wayar ƙanen a kan 2.4 ka gani, wani lokacin yana ɗan taimakawa amma ba shi ne maganin ba.

Maganin shi ne waya. Ka ja kebul ɗin Cat6 daga bayan rautarka zuwa boskwata, ka sa wata rauta ta biyu a can. Wannan kebul ɗin yana ɗaukar gudun gigabit har mita 100, kaga naka ko rabi bai kai ba. Amma a wajen saye ne ake cutar mutane. Akwai wanda ake kira CCA, alminiyom ne aka yi masa fentin tagulla a sama, a ido ba ka bambance shi da na gaske. In ka shiga kasuwar Sabon Gari ko wajen PZ ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere robar ka fito da silin waya ɗaya ka kankare shi da reza, in ka ga fari yana leƙowa a ƙarƙashin jan to alminiyom ne ka ajiye musu kayansu, na gaske duk inda ka kankara ja ne har ciki. Kwalinsa ma ya fi nauyi in ka ɗaga. Sannan ka ce na waje kake so, mai baƙar riga mai kauri, don wannan fari ko shuɗin na cikin ɗaki in ranar Maris da Afrilu ta dake shi sai rigar ta bushe ta tsattsage, damina na sauka ruwa ya shige.

Kar ka rataya shi a sama daga kwano zuwa kwano, don Allah. Ka haƙa ɗan rami kamar kamu ɗaya, ka zura shi cikin bututun roba irin na masu wayarin ka binne, ɓera bai samu ba rana ba ta samu ba. Kuma kar ka haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan, akwai wani gida a Samaru da aka kira ni bayan wani ruwan dare mai tsawa, an ja musu kebul ta sama an ɗaure a jikin ƙarfen dishi an tsallaka da shi ɗayan ginin. Da na juya rautar ramin da kebul ɗin ke shiga ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta manne, ƙaurin ƙuna har lokacin yana tashi, kuma bai tsaya nan ba ya bi ya kashe rauta ta biyu da kwamfutar da ke jone da ita. Ba sai aradu ta faɗo kan gidan ba, ta sauka a kusa ma ya isa, wayar tagulla da ta haɗa gini biyu hanya ce a gare ta. Ko binnewa ka yi ka sa abin kare tsawa na kebul ɗin intanet a kowane ƙarshe, kuma a haɗa shi da rodin da aka kafa a ƙasa, in ba a haɗa ba ado ne kawai.

Wanda nisansa ya haura mita 100, ko kowane gini da mitar wutarsa daban, ni faiba nake ba shi shawara. Zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki ba lantarki ba, tsawa ba ta da abin bi. Ana sayar da wanda aka riga aka ɗaura wa kai, sai ƙananan akwatuna biyu masu juya faiba zuwa kebul na yau da kullum, ɗaya nan ɗaya can, abin kiyayewa kawai kar a lanƙwasa shi da ƙarfi a kwana. Inda tagulla ta fi shi guda ɗaya ne, tana iya ɗaukar wuta tare da data, abin da ake kira PoE, tsarin PoE na farko yana ba da wat 15.4 na gaba da shi wat 30. Kaga in inbata ko sola a babban gida take boskwata babu, sai ka sayi akses foyin mai cin PoE, wato na'urar da ke karɓar intanet daga kebul ta watsa siginal a ɗakin, ko an ɗauke wuta ƙanenka na kan karatunsa. A nan ma CCA ɗin nan ke ba da kunya don wutar na zubewa a hanya.

Saitin rauta ta biyu ba wuya. In tana da zaɓin AP a ciki, wato akses foyin, ka danna shi shikenan. In tsohuwa ce babu, ka shiga saitinta ka kashe DHCP, wato abin da ke raba wa na'urori lambar IP, ka canza lambar IP ɗinta kar ta yi karo da ta falo, sannan ka soke kebul ɗin a ramin da aka rubuta LAN ba WAN ba. Ka ba ta suna da faswod iri ɗaya da ta falo, waya za ta riƙa komawa kan wadda ta fi kusa da kanta. In kuma gidan haya ne ba a yarda ka haƙa ba, ko titi ya raba ku, akwai na'urori biyu da ake kafawa a sama suna kallon juna irin su TP-Link CPE510 ko NanoStation na Ubiquiti, suna aiki sosai amma sharaɗin sai suna ganin juna ido da ido. Ka lura da bishiya, mangwaro ko dalbejiyar da ka ga ta yi shara-shara da rani in damina ta zauna ganye zai rufe hanyar.

Wani daga Tudun Wada ya ce: "Na ji ana maganar wata na'ura da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida, ba sai an ja kebul ba. Zan iya kai wa shagona na ƙofar gida da ita?"

Akwai ta, kuma a inda wayarin yake tsaf tana aiki. Amma tana so soket biyun su kasance kan mita ɗaya da layi ɗaya, mu kuma gidajenmu ga canjoba ga janareta ga inbata ga sitabilaiza, kowanne yana iya datse ta, shago kuma sau da yawa layinsa daban ne. Ni dai ba zan ce ka saya ba. Shago a ƙofar gida ai kebul ɗin mita 20 ko 30 ya gama maka magana.

Sai wata Hajiya daga Tudun Jukun: "Muna da dishi na tashoshin kyauta, an sa wa surukata tibi da dikoda a ɗakinta na baya don tana son kallon Makka da Madina. Mai gyara ya sa wani ƙaramin ƙarfe ya raba wayar biyu, toh yanzu in yara sun kunna na falo sai wasu tashoshin su ɓace a wajenta, in an kashe su dawo."

Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya saka da alheri kan kula da tsohuwa. Ba dikodar ba ce ta lalace kar ki saya wata. Wannan kan da ke gaban dishi, LNB, dikoda ce ke ba shi umarni ta cikin wayar, in tana son wani rukunin tashoshi ta tura masa bolt 13, in ɗayan rukunin ne ta tura bolt 18, akwai kuma wani sauti na 22kHz da take turawa don zaɓar zangon sama. Toh in dikoda biyu suna kan waya ɗaya, ta falo ta ce 18 ta ɗakin Iya ta ce 13, shi kuma ɗaya kawai zai bi, wadda ta ce 18 ita ke rinjaye. Ki ce wa mai gyaran ya cire wannan ƙarfen ya canza LNB zuwa mai baki biyu, ko mai baki huɗu in ana tunanin ƙara wani ɗakin gaba, kowace dikoda a ja mata wayarta ta RG6 tun daga dishi. Dishin ba sai an canza ba. Ya kuma naɗe mahaɗar da ke waje da tef da kyau saboda ruwa.

Ga masu son hoto iri ɗaya ya fito a tibi biyu daga dikoda ɗaya, misali falo da zauren baƙi, wannan lissafin daban ne. Wayar HDMI in ta wuce mita 10 zuwa 15 sai hoto ya fara ƙiftawa ko ya ɗauke gaba ɗaya. Sai a sa akwatin da ke raba HDMI biyu, sannan a sa masu miƙa shi ta kan Cat6, ƙananan suna kai mita 50 zuwa 60, masu tambarin HDBaseT na kaiwa har 100. A nemi wanda ke da ɗan idon rimot don a iya canza tasha daga can. Amma fa yawancinsu kebul ɗinsu nasu ne su kaɗai, ba a soke shi a rauta, shi ya sa nake cewa duk wanda ya haƙa rami ya zura kebul biyu ko uku lokaci ɗaya kafin ya rufe, haƙa ta biyu ta fi kebul tsada in an riga an zuba siminti. Masu DStv kuma da ke son kowane ɗaki ya kalli tasharsa, tsarin XtraView ne nasu, akwai ƙarin kuɗin wata a kansa.

Ta ƙarshe daga wani dattijo mai kula da masallacin ƙofar gida a wajen Ƙofar Doka: "Muna so mata a cikin gida su riƙa jin karatu da tafsiri. Mun ƙara sifika uku kan wadda ke akwai, yanzu amfilifaya na ɗaukar zafi tana yankewa, kuma ta can ciki muryar ba ta fita sosai."

Allah ya gafarta Malam, ku kashe ta tukuna kafin ta ƙone. Kowace sifika irin wannan yawanci om 8 ce, om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta, yana raguwa nauyi kan amfilifaya na ƙaruwa, in aka haɗa biyu a baki ɗaya su koma 4, in huɗu ne su koma 2, amfilifayar kuma ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba shi ya sa take zafi. Ita kuma ta cikin gida siririyar waya mai tsawo ce ke shanye ƙarfin kafin ya isa.

Ku juya bayan amfilifayar, in irin su Ahuja ko TOA ce za ku ga wajen ɗaura waya an rubuta COM, sai 4 da 8, sai kuma 100V. Wannan na ƙarshen don irin aikinku aka yi shi. A kan layin 100V waya biyu kawai za a ja ta bi ɗaki ɗaki har ƙarshen gida, kowace sifika a rataya ta a jiki, amma dole ta zama mai ɗan taransifoma a bayanta, in babu ana sayar da shi daban a ɗaura mata. A jikinsa akwai zaɓin wat, 5 ko 10 ko 15 ko 30, sai ku tara na dukkan sifikun kar jimillar ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin amfilifayar, wato in mai wat 120 ce ku tsaya a 96. Kar a yi amfani da bakin 8 da na 100V lokaci ɗaya, kuma kar yaro ya taɓa tsirarar wayar ana cikin karatu don tana ja. Wayar 1.5 ta masu wayarin ta wadatar.

Na ga wasu na gwada sifikar bulutut don kauce wa jan waya, ita yawanci mita 10 ce iyakarta, bango ɗaya biyu ta fara tsinkewa, ga caji. A cikin gidan kuma ba sai an sa ƙaho irin na saman masallaci ba, ƙaramar sifikar bango a kan wat 5 ta ishi tsakar gida, a sa mata maɓallin rage murya na layin 100V kusa da ƙofa yadda mata za su rage da kansu in akwai jariri na barci ko mara lafiya.