Ku Tambayi Anti: An ce tsada ta ragu, to ina ragin yake?

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Tudun Wadan Kaduna, kullum a rediyo sai mu ji ana cewa hauhawar farashi ta sauka, amma wlh in na shiga Kasuwar Barci da albashina ko kwana goma ba ya kaiwa. Ƙarya suke mana ne ko mu ne ba mu gane lissafin ba?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa aikin albarka. Ba ƙarya ba ce kai tsaye, amma kuma ba abin da kake zato suke nufi ba. In an ce hauhawa ta ragu ana nufin gudun da farashi ke yi ne ya ragu, kamar motar da ke tsula gudu a hanyar Zariya sai direba ya ɗan sassauta ƙafa, tafiya dai tana nan, ba ribas ya saka ba. Abin da ya tashi daga dubu ɗaya ya koma dubu uku yana nan a ukun sa, kawai dai yanzu a hankali yake rarrafawa zuwa huɗu.

Sannan akwai wani abu da ba sa tsayawa su yi wa mutane bayani. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawa ta kai kashi 34.8, wata ɗaya tak a Janairun 2025 sai ga 24.48, kuma ba wai buhun shinkafa ne ya faɗi cikin dare ba, ma'aunin ne suka canza, da suna aunawa da farashin 2009 sai suka dawo 2024 suka kuma sake jerin kayan da ake dubawa. Canza ma'auni ba laifi ba ne dan tsohon ya tsufa, laifin na ɗan siyasan da zai hau mumbari ya ce aikin sa ne ya sauko da lambar.

Asalin ciwon kuwa ka san shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga wajen 460 ta zarce 1,500. To kai ka ɗauki kalkuleta, mafi ƙarancin albashi na dubu 30 a 2019 lokacin dala tana 360 ya haura dala 80, dubu 72 ɗin da gwamnatin Uba Sani ta jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 kuwa in ka raba da 1,500 dala 48 ne. Albashi ya ninka a takarda, a kasuwa ya rame. In za a yi adalci masara da gero sun sauka a 2025, duk mai awo ya gani a mudu, amma je ka tambayi manomin Giwa ko Soba nawa ya sayi taki sai ka tausaya masa. Haya, magani, kuɗin makaranta da data kam ba su san hanyar dawowa ba, data ma kashi 50 aka amince a ƙara a farkon 2025.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki ba ni shawara. Ƙawata za ta yi aure ta fitar da anko kala uku, na kamu daban na dina daban na walima daban, an buɗe gurup a WhatsApp kullum admin sai ta rubuta sunan waɗanda suka biya, ni kuma ɗinki nake a Rigasa kuma ga ƙanne biyu a wuyana, in ban yi ba a ce ina mata baƙin ciki. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanwata wannan lis ɗin da admin ke turawa ba tunatarwa ba ce, kunyatarwa ce, kuma ta sani sarai. Ki zaɓi kala ɗaya da za ki iya, ki kira amaryar a waya ke da ita, ba a gurup ba, ki ce ga abin da ƙarfina ya kai kuma zan zo in kama miki aiki ranar biki. In ƙawar arziki ce magana ta ƙare. In ta ɗaure fuska saboda yadi toh kin ga inda kike a wajen ta, kuma kin gani da arha.

Kar ki kuskura ki ci bashi, musamman a manhajojin bashin nan na waya, ranar da kika makara har lambobin da ke wayar ki za su bi da saƙon cin mutunci. Kar kuma ki taɓa kuɗin adashi.

Abin da ke ba ni takaici ma ba ke ba ce, mu ne gaba ɗaya. Ke tela ce kin fi ni sanin yawancin atamfa da leshin da ake zubewa a Kasuwar Sheikh Gumi daga waje suke zuwa, galibi daga China, shi ya sa dala na motsi farashin su ke motsi. A garin nan fa, garin da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri tun 1957 zamanin Sardauna, ga masaƙar UNTL ga ta Arewa, dubban magidanta suna cin abinci, iyayen mu suna ba da labarin yadda titi ke cika da kekuna in an tashi aiki. Yau je ki Kakuri ki ga ciyawa. Mu kuma muna nan muna gasar wa ya fi wani kala, a biya mai kwalliya a biya mai ɗaurin kallabi a biya mai hoto, bayan sati biyu amarya ta fara aiken yaro rancen maggi a maƙota. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

TAMBAYA: Anti kakar siyasa ta matso, an fara zuwa unguwar mu a Kawo da taliya da atamfa da 'yan dubu biyu-biyu. Abokai na sun ce in karɓa ai kuɗin mu ne. Ya kike gani?

AMSA: Ɗana ba zan zauna a nan in ce wa mai jin yunwa kar ya karɓi taliya ba. Amma ka sani sayar da ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe, mai saye da mai sayarwa duka, dan haka duk wanda ya ce ka ɗauki hoton takardar dangwale ka nuna masa kafin ya sallame ka, ka guje shi. Kuma dubu biyu in ka raba ta a shekara huɗu ko naira biyu ba ta kai ba a rana.

Ni abin da nake so ku yi kai da abokan naka, ku daina kallon Abuja kawai. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ne, kowace mazaɓa da kansilan ta, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi kai tsaye asusun su. Kansilan ku a unguwa yake, kun san masallacin da yake sallah. In mai taliyar ya dawo ku zaunar da shi a majalisa ku tambaye shi nawa ya shigo wa ƙaramar hukumar ku ta Kaduna ta Arewa watan jiya, me aka yi da shi, yaushe za a kwashe kwatar layin ku kafin damina, kuma wani ya kunna waya ya ɗauki amsar.