Tambaya da Amsa: Laccar Neman Aiki, a Ɗakin Taro ko a Aji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata kwaleji a nan Kano. Duk shekara muna tara ɗalibai a babban ɗakin taro a yi musu lacca kan aikin yi bayan karatu. Rabi ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma sai latsa waya. Ina gyaran yake? Daga wani malami, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gyaran yana ɗakin taron. In ka haɗa mai koyon akanta da mai koyon wutar lantarki da mai shirin koyarwa a benci ɗaya, dole baƙo ya yi maganar da ba ta shafi kowa ba. Ka nemi shugaban sashe ya ba ka awa ɗaya a jadawalin darasi, a ajin da ɗaliban suka saba, kada su wuce 60.

Lokaci ya fi komai. Ɗan ND (ƙaramar difloma) yana fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, na wata 4 a ƙarshen shekararsa ta farko, tsarin da hukumar ITF, mai kula da horon aikin masana'antu, ta kawo tun 1973. To a yi laccar kamar wata biyu kafin fitar, tun bai kai takardarsa ofishin kawunsa ba, inda zai zauna yana hamma ana sa masa hannu a littafi. A nan ne kuma za a faɗa masa akwai shekara guda ta aikin koyo tsakanin ND da HND (babbar difloma). Ɗan NCE kuwa, wato mai karatun zama malami, kafin gwajin koyarwa, a yi masa bayanin rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista.

Wa za a gayyato? Ba babban mutum ba. Zai makara, ya zo da 'yan rakiya, ya cinye lokacin da tarihinsa. Nemo wanda ya gama wannan sashen shekara 3 zuwa 5 da suka wuce: ma'aikaci a masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, mai riƙe lissafin shago a Kantin Kwari, mai gyaran waya a Farm Centre. Tun mako guda ka aika masa tambayoyi uku: yaya ka samu aikin, me kake yi daga safe zuwa tashi, me aka gwada ka a kai ranar ganawa? Ka roƙe shi ya faɗi albashin farko, ko da kintace ne, don shi ne abin da kowa ke son ji amma kunya ta hana tambaya.

Minti 15 ya ishe shi, saura na tambayoyi ne. A raba ƙananan takardu kowa ya rubuta tasa ba suna, domin ɗalibai mata ba kasafai suke ɗaga hannu ba, alhali tambayarsu kan aikin dare da yardar iyaye ko miji ta fi ta kowa nauyi. Zai fi kyau baƙuwa mace ta amsa ta.

Kada ka dogara da majigi, wuta ba ta da alkawari; shafi ɗaya da aka buga ya wadatar. A guji ranar Juma'a.

Kafin a tashi, kowa ya san zai kawo takardar neman aiki mai shafi ɗaya cikin mako guda, da maki 5 a gwajin aji. Ka duba su da jan biro, ka mayar wa masu su.