Manhaja na nuna kore, amma kuɗi ba sa shigowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da abaya da turare ta shafina na intanet daga nan Jidda. A goman ƙarshe na azumi an yi kwana biyu babu wanda ya iya biya da Mada, katin bankunan Saudiyya, alhali manhajar da ke sa ido kan shafin tana nuna kore, wato komai lafiya. Sai da wata ta kira ni sannan na sani. An ce in saita binciken da ke bin matakan ciniki ɗaya bayan ɗaya. Ta ina zan fara? Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Manhajarki ba ƙarya ta yi ba, abin da aka tambaye ta ta amsa. Tana ƙwanƙwasa shafin farko ne, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta mayar da lambar 200 mai nufin ta amsa buƙatar, sai manhajar ta kunna kore. Mai gadi ne da ya ga ƙofar shago a buɗe ya ce ciniki na tafiya, bai leƙa wajen mai karɓar kuɗi ba.

Kullum sai na yi wannan bayani, har na gaji. Lambar 200 ba ta nufin komai lafiya. Shafin da ke rubuta "biyan kuɗi bai yiwu ba" shi ma sau da yawa 200 yake dawowa da ita. Shafin farko kuma yana iya fitowa daga kwafin da aka adana, alhali rumbun bayananki ya faɗi tun sahur. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu cewa su ƙwararru ne: su ɗora binciken kyauta, su karɓi riyal duk wata, su turo hoto mai kore shar. Ki tambayi naki yaushe bincikensa ya taɓa sa kaya a kwando. Za ki ji kame-kame.

Saitin ba wuya. Manhajojin sa ido kan shafuka irin su Pingdom da Site24x7 da Checkly duk suna yi. Ki buɗe asusun gwaji da kayan gwaji, sannan ki naɗi tafiyar: shiga, zaɓar kaya, kwando, adireshi, shafin biya. A kowane mataki ki sa ya tabbatar da wani abu, kamar jimillar kuɗi a kwando. Maɓallan kuma binciken ya gane su da lambar shaidarsu da ke cikin ginin shafin, don rubutun kansu yana canzawa tsakanin Larabci da Turanci.

Wajen biya ne ake tuntuɓe. Kada ki sa katinki na gaske. Lambar da banki ke turowa ta waya za ta tsayar da binciken, ga haɗarin sata. Kamfanin da ke karɓar miki kuɗi yana da katunan gwaji, amma su ba sa tabbatar da cewa Mada na gaske yana wucewa. Saboda haka ki ƙara ƙararrawa ta biyu: in awa uku suka wuce a lokacin ciniki babu biya ko ɗaya, wayarki ta yi ƙara.

Binciken ya riƙa gudana duk minti 10, kada ya tashe ki sai ya gaza sau biyu a jere. Idan kin gama, ki ɓoye kayan gwajin da gangan bayan sallar asuba, ki zauna ki ga ko saƙon zai iso.