Wa Ya Ɗora Dutsen Nan a Kan Ɗan'uwansa?

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Muna dawowa daga biki a Kachia, wajen Kajuru, sai ɗana ya hango wani ƙaton dutse zaune a kan ƙarami, ya ce wa ya ɗora shi? Direbanmu ya ce aman wuta ne ya cillo shi. Ni kuwa tun girgizar ƙasar da aka yi a Kwoi a 2016 hankalina bai kwanta da duwatsun nan ba. Za su sake yin aman ne?
Daga wata uwa, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki. Duwatsun Kajuru ba su taɓa aman wuta ba, balle su sake. Abin da ya faru a Kwoi ma motsin ƙasa ne, ba wuta ba.

Direbanku ya kama bakin zaren, sai dai ya sake shi. Gaskiya narkakken dutse ne, amma bai samu hanyar fitowa ba, a can ƙarƙashin ƙasa ya huce ya daskare, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Haka ma Kufena na Zariya. Ruwan sama ne ya yi ta zaizaye ƙasar da ta rufe su har suka bayyana. Tun suna binne akwai tsaga a jikinsu, ruwa yana shiga yana cin gefe da kusurwa. Ki dubi sabulun wankinki: kin sayo shi da kusurwa huɗu, bayan mako guda ya mulmule. Haka dutsen ma: da damina ta kwashe ruɓaɓɓen da ke tsakani, sai na sama ya zauna a kan na ƙasa. Da ma can a nan yake.

Ina ɗalibi a Zariya na hau Kufena da hantsi. Na tarar da wani falalen dutse ya ɗago kamar ɓawon albasa, na ƙwanƙwasa shi da makulli, ya amsa kamar ƙwarya a kife. Na daɗe a tsugune a wurin, har yau ina jin ƙarar a kunnena.

In yaron yana son ganin aikin aman wuta na sosai, sai Dutsen Wase a Jihar Filato. Wancan maƙogwaron tsohon dutse ne mai aman wuta: narkakken dutsen ya daskare a ciki, ruwa ya cinye gangar jikin, toshin ya rage tsaye shi kaɗai a fili, ana hango shi daga nesa. Kafin ku je, ki ba shi sabon sabulu ya riƙa duba kusurwoyinsa kullum da safe.